Masu Riƙe Littafin Kuɗi: Daga Malamin Dagaci Zuwa Akanta

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim a ƙasar nan, ya iso Kano a watan Fabrairun 1851, cikin abubuwan da ya tsaya ya bincika har da kuɗin da ke shiga hannun Sarki. Ya rubuta cewa kowane magidanci yana biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa, kowace rijiyar rini a karofi kuma wuri 700. Kafin ya iso, a Tasawa, ya ga yadda ake ƙirgar wurin. Ba a shirya shi a zare irin na mutanen bakin teku. Zube shi ake yi, a riƙa janyowa biyar-biyar da yatsu, a tara tsibi-tsibi, in ya kai 20,000 a ɗure a keso guda. Magidanta takwas ke nan ke cika keso. Garin da ke da magidanta 200 kuwa, keso 25 za a ɗaura wa jakuna a nufi birni da su.

Mu a Kutama, yammacin Kano, kusa da iyakar Katsina, tsakaninmu da birni tafiya ce ta kwana da kwanaki a wancan zamani. Hakimai a birni suke zaune, jakadunsu ne ke fitowa ƙauyuka karɓar kuɗin ƙasa. To wa ke riƙe da lissafin wanda ya biya da wanda ya nemi a ɗaga masa ƙafa zuwa kaka? Babu wani mai sana'ar lissafin kuɗi. Akwai dai kan dagaci, da kan jakada, da malamin gari in abu ya rikice.

Abin da ya sa nake tono wannan tarihi shi ne ni ma ba da lissafin kuɗi na fara ba. Noma na karanta a Samaru, Zariya, na yi shekaru ina aikin malamin gona, sannan na koma Jami'ar Bayero na yi diflomar gaba da digiri a fannin akanta. Har yau in na je ɗaurin aure a Gwarzo ko Kabo sai na sami mai tambayata, wai ni noma na karanta ko akanta. Akan yi tambayar ne da 'yar zolaya, kamar na yi shigar burtu cikin sana'ar wasu. Ni kuwa da na bi diddigin sana'ar a ƙasar Kano, sai na ga duk waɗanda suka riƙe ta, tsara bayan tsara, wani abu dabam suka fara koya. Akantan da ya taso tun daga sakandare da niyyar zama akanta, shi ne baƙo.

Na farkonsu malaman fara'ili ne. Ilimin rabon gado lissafi ne tsantsa, mai wuya kuwa. Ɗauki mutumin da ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, da uwa da uba. Asalin rabon daga 24 ne: mata tumuni, wato 3, 'ya'ya mata sulusi biyu, wato 16, uwa da uba kowa sudusi, 4 da 4. In ka tara sai ka ga 27, rabo ya fi dukiya. Malami zai mayar da asalin zuwa 27, kowa ya ɗan ragu daidai gwargwadon rabonsa, ba a zalunci kowa ba. Wanda ya iya wannan a zaune kan buzu, da alƙalamin gamba da tawada, ƙirgar wuri ba za ta gagare shi ba. Ƙasar nan ma ta taɓa fitar da gwanin hisabi da duniya ta san da shi, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741. Kuma kowane almajiri ya san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana.

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka naɗa Sarki Abbas. Bayan 'yan shekaru aka fitar da hakimai daga birni, kowa ya koma gundumarsa da zama, aka kau da jakadu. Sai babban canjin ya zo, wato baitulmali. A Katsina aka fara shi a ƙarƙashin Razdan Palmer, zuwa 1911 ya zama tsari a manyan masarautu. Sunan ba baƙo ba ne ga malamai, sun san shi a littattafai tun daga zamanin Sayyadina Umar. Abin da ya zo sabo shi ne aikin. Harajin da aka tara ana raba shi, rabi na gwamnati, rabi na En'e, wato hukumar sarki. Sarki da hakimai aka yanka musu albashi. Aka ware aljihun sarki daga kuɗin ƙasa, kuma duk abin da ya shiga ko ya fita sai da takarda, sai da sa hannu, sai Di'o ya zo ya duba.

Wa zai yi wannan rubutu? A 1909 Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa. An fi tunawa da 'ya'yan sarakunan da aka kai can, amma akwai ajin malamai, manya masu gemu da suka riga suka sauke suka yi littattafai, aka koya musu boko da lissafin Turawa don su yi aikin En'e. A ganina wannan aji shi ne kakan diflomar da na yi: a ɗauko wanda ya riga ya ƙware a wani ilimi, a ɗora masa lissafin kuɗi cikin ɗan lokaci, a tura shi aiki. Daga irinsu aka sami malaman baitulmali a ƙarƙashin Ma'aji, da malaman haraji, da na jangali, da malaman taki masu auna gona da tafiyar ƙafa don a yanka mata haraji.

Kakana na wajen uwa yana cikin jelar wannan tsara. Almajiri ne da ya yi Risala da Askari, aka san shi da rabon gado, saboda haka aka ja shi rubutun haraji. Da ajami ya fara, sai a zamanin yaƙi da jahilci, shekarun 1950, ya ƙara da boko. Lissafin da ya yi ta fama da shi ba irin namu ba ne. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12, ga sisi kwabo 6, ga taro kwabo 3, ga ɗari rabin kwabo, ga anini da sai goma suke yin kwabo. In kana tara jerin sunaye sai ka tara kwabbai ka raba da 12, ka kai sule gaba, ka tara ka raba da 20. Mahaifiyata takan ce da daddare, bayan an tashi daga karɓa, yakan jera sulalla tsibi-tsibi a kan tabarma kusa da aci-balbal, ba mai magana a gidan sai lissafi ya daidaita da rasit. In taro ya ɓace, daga aljihunsa zai fito, domin dagaci ba zai tsaya gaban hakimi ya ce ranka ya daɗe an sami giɓin taro ba.

Ba zan yi wa wannan zamani kwalliya ba. Malamin haraji ba abin so ba ne a gari. Talaka ya san shi da littafi da dogari a bayansa, Bafulatani ya san malamin jangali da ƙirga saniyar da aka kora daji don a ɓoye. Akwai waɗanda suka karɓa ba su ba da rasit ba. Tsoron mai littafi da ke zuciyar mutanen karkara har yau, daga nan ya samo asali.

A kasuwa kuma wani layin ne dabam. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a kakar 1912 cinikin gyaɗa ya barke. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauye ba, sai suka dogara da fataken goro, Agalawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka gaji harkar bashi da amana tun daga hanyar Gwanja. Alhasan Ɗantata, haifaffen Bebeji, wanda ya rasu a 1955, bai yi boko ba. Amma yana raba jari ga yaran gida masu yawa, kowa da garin da yake saye, kuma ya san abin da ke hannun kowa. Ana ba da labarin cewa da aka buɗe banki a Kano a 1929, raƙuma 20 ya kai ɗauke da kuɗin azurfa. A ɗaya gefen sikelin kuma akwai akawun kamfani, galibi mutumin kudu mazaunin Sabon Gari, da littafinsa mai layi biyu. Shi ya zo da abin da mu ba mu da shi, wato rubuta kowane ciniki sau biyu.

Wannan dabara ita ce ƙashin bayan sana'ar har gobe. In ka karɓi taki buhu 10 bashi, za ka rubuta a gefe guda cewa kayan sito sun ƙaru, a ɗaya gefen ka rubuta cewa bashin da ake binka ya ƙaru da daidai wannan kuɗi. 'Yan aji suna cewa dabit da kiredit. Ƙarshen wata in ka tara gefen biyu ba su zo daidai ba, ka san akwai inda aka yi kuskure ko aka yi hannu. Wanda ya fara buga bayaninta a littafi, a birnin Benis na Italiya a 1494, Luca Pacioli ne, limamin Kirista mai koyar da lissafi. Ba shi ya ƙago ta ba, 'yan kasuwar garin ya gani suna yi ya tsara. Shi ma ke nan ba akanta ba ne. A Ingila, inda aka kafa ƙungiyar ƙwararrun akantoci a 1880, ta hanyar zama yaron ofis na shekaru ake shiga sana'ar, kuma har yanzu suna ɗaukar wanda ya karanta tarihi ko kimiyya su horar da shi. Ta can Akintola Williams ya bi ya zama ƙwararren akanta na farko ɗan Nijeriya a 1949, ya dawo ya buɗe kamfaninsa a Legas a 1952.

Mu a Arewa, Kongo ta Zariya ce ta yi mana wannan aiki. A ƙarshen shekarun 1940 aka buɗe makarantar horar da akawuna a can, a 1954 ta zama cibiyar koyon aikin mulki, a 1962 ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello. En'o'i sukan tura ma'aikatan baitulmali kwas, mutum ya bar iyali ya yi watanni yana koyon bauca da leja da kundin dokokin kuɗi na En'e, ya dawo a ƙara masa girma. Galibinsu daga elementare ko midil suka fito, wasu malaman makaranta ne, wasu daga ofishin alƙali.

Wanda yake ganin littafin kuɗi wasa ne ya tuna 1962, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa Baturen nan Muffett ya binciki kuɗin En'en Kano. A 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya koma Azare. Masana tarihi sun yi ta muhawara kan yadda siyasa ta shiga lamarin, kuma ta shiga. Amma ko ma mene ne a ƙasa, da littattafan baitulmali aka kafa hujja.

Daga nan abubuwa suka yi ta sauri. An kafa ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantocin Nijeriya, da dokar 1965. Ran 1 ga Janairun 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo 10, aka huta da raba 12 da 20. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya binne En'e, Ma'ajin da yake bafade ya zama ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi. A 1977 Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama cikakkiyar jami'a. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, aikin irin su kakana ya ƙare a rana ɗaya, talakawa kuwa suka yi ta murna. A shekarar ce kuma aka kafa wata ƙungiyar akantoci, ANAN, wadda ta sami amincewar doka a 1993, take da kwalejinta a Jos. Sai a wannan tsakani ne aka fara samun yaro ya shiga jami'a ya fito da digirin akanta, har mutane suka ɗauka haka abin yake tun fil azal.

Diflomar gaba da digiri ta zo ne don waɗanda ba su bi wannan hanya ba. Tsarinta a jami'o'inmu kusan ɗaya ne. Kana da digiri a kowane fanni, ko babbar diflomar foliteknik, sai ka yi zango biyu ko abin da ya ɗan fi haka, sau da yawa Juma'a da yamma da Asabar saboda ma'aikata. Za a fara da kai daga tushe, rubutun ciniki da haɗa rahoton ƙarshen shekara, a shiga lissafin tsadar sarrafa kaya, da haraji, da binciken kuɗi, da lissafin gwamnati, da dokar kasuwanci. In ka ci da kyau ƙofar digiri na biyu ta buɗe.

A ajinmu na zauna tsakanin wata mai haɗa magunguna da ke da kanti a birni da wani malamin Larabci da banki ya ɗauka aiki. Akwai injiniya, akwai hedimasta da ya kusa ritaya wanda duk muke ce wa Baba. Makonnin farko kowa ya ji jiki. Hannunmu bai faɗa ba, abin da ɗan digirin akanta zai yi yana hira, mu sai mun yi gumi. Amma da aka shiga zurfi sai kowa ya fara fito da abin da ya zo da shi. Ranar da aka zo kan kimanta kayan sito, mai magani ce ta yi bayanin dalilin da ya sa kwalin da ya rage wata biyu ya lalace ba za a rubuta shi da kuɗin saye ba. Ranar da aka zo kan ma'auni na 41 cikin ma'aunan lissafin kuɗi na ƙasa da ƙasa, waɗanda Nijeriya ta fara aiki da su a 2012, ni aka juyo ana kallo. Ma'aunin noma ne, yana cewa dabba mai rai a rubuta ta da abin da za ta yi a kasuwa, a cire kuɗin sayarwa. To wa zai faɗi abin da bijimin kiwo zai yi wata uku kafin Babbar Sallah, in ba wanda ya taɓa dafa tozonsa ba?

Haka hatsi. Masarar da aka auna aka zuba a sito da kaka, in aka sake aunawa da bazara ba za ta kai nauyinta ba, ta bushe. Oditan da bai san wannan ba zai kira mai sito ɓarawo. Wanda kuma ya ji labarin bushewa amma bai san iyakarta ba, mai sito zai kwashe buhuna ya ce rana ce ta sha. Wannan ba a leja ake koyonsa ba.

Kawuna ɗan kasuwar hatsi ne, yana saye a kasuwannin ƙauyukanmu yana kaiwa kasuwar Dawanau. Da na gama karatu na karɓi littafinsa, irin mai bangon kwali ɗin nan, na kwana biyu a kai.

Na ce, "Kawu, ribar da kake faɗa ba ta kai haka ba. Ba ka cire tsufan mota ba, ba ka cire buhunan da aka ci a gida ba, kai kanka ba ka yanka wa kanka ladan wahala ba."

Ya yi shiru, ya karɓi takardata ya duba. Ya sa yatsa kan jerin masu bashi, ya ce, "Ɗan nan, wannan da wannan da ka tara a cikin dukiyata, cire su. Wannan gobara ya yi. Wannan kuwa surukin maƙwabcina ne, ba zan kai shi ƙara ba, shi ma ya sani."

A aji muna da suna da ƙa'ida na bashin da ba a sa ran dawowarsa, har da yadda ake ware masa kaso. Amma wane bashi ne, wannan Kawu ne ya sani. Tsufan motar kuwa ya ƙi yarda da shi sai da injinta ya buga a damina ta gaba.

Duk da haka ba na so a ɗauka diflomar nan tana mayar da mutum akanta. Ba ta yi. Shekara guda ba ta maye gurbin huɗu, kuma na san da yawa, a ko'ina ake yin karatun, da ba ilimin suke nema ba, takardar suke so a sa musu a fayil don canjin layi ko ƙarin girma. Irin waɗannan in ka ba su takardar banki da littafin kashiya ka ce su daidaita, sai ido ya raina fata. Malamin da Ɗan Hausa ya koyar, washegari aka damƙa masa kuɗin gunduma, in ya yi kuskure a jikinsa zai ji. Wanda ya yi difloma ya koma teburin da ba ya taɓa lissafi, cikin shekara biyu ya manta wane gefe ne dabit. Shi ya sa masu niyyar gaske suke haɗawa da jarrabawar ƙwararru. ICAN tana karɓar mai digirin kowane fanni, sai dai wanda ba akanta ya karanta ba daga matakin farko zai faro, ya bi matakai ukun nan ɗaya bayan ɗaya.

Buƙatar kuwa ƙaruwa take yi, ta inda ba a zata ba. Bankin Jaiz ya fara aiki a Janairun 2012, Kano tana cikin rassansa na farko, wasu bankunan marasa ruwa suka biyo baya. Lissafin murabaha da ijara da mudaraba yana da ma'aunansa, waɗanda wata hukuma da ke Bahrain take tsarawa, kuma wanda bai san fiƙihun ciniki ba zai yi ta rubuta riba a inda ba a nan take ba. Malamin Larabcin ajinmu yanzu shi ake nema. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko yaushe abin zai tabbata a aikace, Kano tana da 44, har da Gwarzo da Kabo, kowace da sashen lafiya da na gona da na ayyuka, kowane sashe da kuɗin da wani zai rubuta wani ya bincika. Ga kuma sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda za su sa ɗan kasuwar da bai taɓa ajiye rasit ba ya fara neman mai duba masa littafi.

Kwanan baya 'yar yayata, wadda ta karanta ilimin ƙananan halittu take aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti, ta kira ni. An ɗora mata sayen kayan gwaji da lissafinsu, ta ce, "Kawu, in sayi fom ɗin diflomar nan, ko lokaci ya wuce?" Na ce ta saya, amma ta yi rajistar matakin farko na ICAN a zangon da za ta fara, don darussan suna shiga juna, kuma kada ta yarda a ɗauke mata littafin siton nan ko da karatu ya yi mata yawa.